Gishiri Biyu a Allon Bushiya

Jirgin ƙasan yamma da ke bi ta Leeds zuwa Halifax ba wurin neman miji ba ne. Kowa ya kwaso gajiya, rigunan ruwa na ɗiga, tagogi sun yi gumi. Tamsin Holroyd ma kujera kawai take nema ta huta, bayan ta wuni tana riƙe karnukan mutane ana yi musu allura a asibitin dabbobi. Sai ta samu gurbi a gaban wani saurayi mai hargitsattsen gashi, ya baje jarida a kan ɗan teburin da ke tsakaninsu yana faɗa da shafin baya.

Faɗa kuwa na sosai. Kacici-kacicin ranar ne a gabansa, allon nan mai gidaje farare da baƙaƙe, wanda ake cikewa da kalmomi a kwance da a tsaye. Ya cike kusan duka da biro, saura kalma ɗaya ta tsaye da ta kafe masa. Yana cizon murfin biron yana gunaguni.

"Kai Bushiya, yau ka cuce ni."

Tamsin ta ɗago kai. Masu ƙulla kacici-kacici ba sa sa sunansu na gaskiya a jarida, kowa da laƙabin da yake fakewa a bayansa. Shi kuwa Bushiya ya fi shekara talatin yana sa shayin mutane ya huce a gabansu.

"Me ya yi maka?" ta tambaya.

"Tambaya ta goma sha huɗu. Tun daga York nake kanta."

Ta ɗan leƙa allon daga inda take, a juye. "Ka daina kallon farkon jimlar. Amsar tana ɓoye a tsakiyar kalmomi biyun ƙarshe."

Ya duba. Ya sake dubawa. Murfin biron ya faɗo daga bakinsa.

"A juye kika karanta fa! Ba biro, ba fensir."

"Wasu haka aka halicce su," in ji ta, ta juya wajen taga don kada ya ga dariyar da take dannewa.

Gaskiyar magana, tun watan jiya Tamsin ta warware wannan allon a kan teburin kicin ɗin gidansu. Bushiya mahaifinta ne. Ita ce mai gwajinsa, wato wadda ke fara warware kowane allo kafin a aika wa jarida, ta tsince masa kurakurai. Amma wannan ba maganar da ake faɗa wa baƙo a jirgi ba ce, musamman baƙon da ke kallonka kamar ka sauko daga sama.

Sunansa Gethin Pugh, mutumin Wales, malamin labarin ƙasa a wata sakandare. Sai da jirgi ya tsaya a Halifax ta miƙe, sannan ya tuna a Bradford ya kamata ya sauka. Bai nuna ko alamar nadama ba. Lambar wayarta ya roƙa, ita kuma ta ba shi.

Tana cire takalmi a gida saƙo ya shigo.

"Malama mai karatu a juye, na kama hanyar gida bayan na ziyarci garin da ba nawa ba. Gobe akwai sabon allo. Zan sayi shayi in kin yarda ki sake kunyata ni. Gethin."

Ta yi murmushi ta mayar masa.

"Mai Biro, duk wanda ke cike allo da biro, ko gwani ne ko mai girman kai. Zan zo in ga wanne ne a ciki."

Ta je, kuma ta ci gaba da zuwa. Sun sha shayi a shagon da ke bakin kasuwa har mai shagon ta san kofin kowa. Sun ci soyayyen kifi da dankali a tsaye cikin yayyafi. Ya koma kiranta Amsata, ita kuwa Mai Biro ya bi shi har abokansa suka ɗauka. A nan ta gane cewa yana cikin 'yan sa-kai masu rubuta sharhi a wani shafin intanet. Kowace rana mutum ɗaya ne ke da layi: zai warware kacici-kacicin jarida, ya bayyana yadda kowace amsa ta fito, ya yabi abin yabo ya kushe abin kushewa, jama'a kuma su biyo da nasu surutun a ƙasa. Ba a biyansu ko sisi, amma yadda suke ɗaukar abin sai ka rantse alƙalan kotu ne.

Da ta ga son ya wuce na wasa, sai ta ja shi yawo kan tsaunukan bayan gari, inda iska ba ta barin mutum ya yi doguwar ƙarya.

"Gethin, ranar jirgi maguɗi na yi maka."

"Wane irin maguɗi?"

"Na riga na san amsar. Bushiya babana ne."

Ya nemi wani jiƙaƙƙen dutse ya zauna a kai bai ma lura ba. Can ya ɗago a hankali.

"Kin san abin da na rubuta a kansa bara?"

"Duk gidanmu mun haddace. 'Bushiya yana ƙulla wa mutanen da suka riga mu gidan gaskiya.'"

"Tamsin, sunan ɗan wasan kurket ya sa, wanda ya yi ritaya tun ba a haifi babana ba!"

"Ban ce ƙarya ka yi ba. Cewa na yi mun haddace."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Ta zauna kusa da shi, ta janye hannun ta riƙe.

"Yanzu da ka san ni ba gwanar da ka zata ba ce, ka fasa?"

"Ni da nake shirin tambayarki ki aure ni?" ya ce. "Yanzu dai na fi jin tsoro ne kawai."

"To tambaye ni da tsoron."

Ya tambaya, ta ce ta yarda, iska ta kwashe hularsa suka bi ta da gudu suna dariya.

Dariyar ba ta kai gida ba. Mista Desmond Holroyd, tsohon malamin lissafi, mutum ne da har yau da fensir da rula yake zana allonsa, bai yarda kwamfuta ta san sirrinsa ba. Yana zaune a teburin kicin yana fiƙe fensir Tamsin ta gaya masa. Ya ajiye wuƙar.

"Pugh? Gethin Pugh? Wanda ya ce matattu nake yi wa aiki?"

"Shi, Baba."

"Duk samarin ƙasar nan ba ki ga kowa ba sai shi? Ga Giles nan, kullum yana hanya."

Giles Fairclough lauya ne, shi ma mai sharhi a shafin su Gethin. Ya daɗe da gano wane ne Bushiya, kuma tun daga ranar bai ƙara ganin aibi a allonsa ba. Duk Lahadi yakan zo da furanni don Mama Brenda, mahaifiyar Tamsin, da cuku don maigida, da wani kallo na musamman don Tamsin wanda ba ta taɓa karɓa ba.

"Giles ba ni yake so ba, Baba. Kai yake so. In ana aurenka da tuni ya kawo zobe."

Mama Brenda ta ƙware da shayi. Mista Holroyd ya sha mur.

"Saurara, yarinya. Mai gwajina ba za ta riƙa shan shayi da mai sharhi ba, ba a taɓa yi ba. Allon da ba a buga ba yana hannunki, shi kuma yana gefenki. Ki zaɓa."

Tamsin ta ji maganar har cikin ƙashinta. Tun tana 'yar shekara sha biyar take gwada masa allo, kuma a nan ne kaɗai ita da mahaifinta suke iya hira ta sosai. Ta zaro jan fensirin da take yi masa gyara da shi daga cikin gwangwani, ta ajiye a gabansa.

"Ga shi. Amma ka ji nawa, Baba. Ba zan shiga coci ba sai kai ne ka riƙe hannuna ka kai ni. Kuma ba wanda za ka kai ni wurinsa sai Gethin."

"To sai ki zauna."

"Zan zauna. Ai kai na gado."

Haka aka ja daga. Giles ya karɓi jan fensir baki har kunne. Duk allon da aka ba shi, washegari yake dawo da shi fes ba ko ɗigo, yana cewa, "Mista Holroyd, wannan ai sai dai a sa a gilashi a rataye." Cikin kaka aka yi wa dattijon aikin yanar ido. Ya bar wani allo rabi kafin a kwantar da shi, ya ƙarasa bayan an sallame shi, Giles ya duba ya ce ba a taɓa yin irinsa ba, aka aika.

Allon ya fito wata Asabar, a matsayin kacici-kacicin gasa. Tamsin ta saya a hanyar aiki, ta warware lokacin hutun rana, tana jin daɗin muryar babanta a cikin kowace tambaya. Ta cike ta shida a kwance: gishiri. Can ƙasa ta zo ta ashirin da biyu a tsaye, ta rubuta harafin farko, sai hannunta ya tsaya. Gishiri ne kuma.

Kalma ɗaya sau biyu a allo ɗaya. Ko ɗan koyo ya san ba a yin haka. Ga shi ya wuce Giles, ya wuce editan jarida, ya shiga gidajen mutane daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan. Da har yanzu ita ce mai gwajin, da kafin ta ƙarasa shayinta ta gani. Idonta ya cika da hawaye, na tausayin babanta da na haushin kanta.

Wayarta ta yi ƙara.

"Amsata, kin kai ashirin da biyu?"

"Na kai. Layin wa ne sharhin?"

"Nawa."

Ka'idar allon gasa kowa ya san ta. Tunda jama'a na aika amsoshinsu don neman kyauta, ba mai maganar amsa a fili sai an rufe gasa. Sharhi ma sai Asabar ta zagayo yake fitowa. Mista Holroyd kuwa ya shigo da wannan doka har cikin gidansa: allon gasa ba a tattauna shi, ko a kicin, ko da shi da ya ƙulla. Tamsin ta dawo ta same shi zaune da jaridar a ninke a ƙarƙashin gwiwar hannunsa, fuskarsa ta yi fari. Ya gani. Ta san ya gani, ya san ta gani, kuma dokarsa ta ɗaure bakinsu su biyun.

Mama Brenda ba ta taɓa cike gida ko ɗaya na kacici-kacici ba a rayuwarta, kuma ta gaji da gabar da ake yi mata a gida. Ba ta nemi shawarar kowa ba ta kira Gethin ta ce ya zo cin abincin Lahadi. "Gidan nan da sunana a jiki ni ma," ta gaya wa mijinta. Abin mamaki, bai yi musu ba.

Aka zauna mutum biyar. Gasasshen naman sa, dankali, romo, da fanken nan na Yorkshire da ya tashi ya yi kumburi. Gethin ya sa taye, yana zaune a ɗarare. Giles na ta labarin wata shari'a da ba mai saurare.

"Ka yi na jiya, samari?" Mista Holroyd ya tambayi Gethin ba tare da ya dube shi ba.

"Na yi, Mista Holroyd."

"Ba a magana sai Asabar."

"Na sani."

Aka ci gaba da ci. Can Mama Brenda ta ɗanɗana romo ta yamutsa fuska.

"Giles, miƙo min gishiri."

Cokalin Giles ya tsaya a hanya. Gethin ya zuba wa farantinsa ido. Tamsin ta ji kamar ta shige ƙarƙashin tebur. Ba wanda ya motsa.

"Me ya same ku? Gishiri na ce, ba guba ba. Ko ya ƙare ne? Akwai na biyu a kicin."

Mista Holroyd ya sarƙe da tari har sai da aka ba shi ruwa. Mama Brenda ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe ta ɗauko abinta da kanta tana cewa ita dai ta auri gidan mahaukata.

Da Gethin ya tashi tafiya, dattijon da kansa ya ɗauko masa kwat. Tamsin na tsaye a ƙofar kicin da tsumman goge kwano, ta ji komai.

"Sharhi ba dole ne ya faɗi duk abin da ido ya gani ba," in ji Mista Holroyd, murya ƙasa-ƙasa. "Giles ya sha tsallake abu. In Asabar ta wuce lafiya, ka dawo Lahadi mu yi maganar da kake so mu yi."

Tamsin ba ta taɓa jin mahaifinta ya roƙi kowa ba. Abin ya fi yi mata ciwo a kan duk faɗan da ya yi mata.

Ranar Litinin tana wanke hannu bayan ta gama da wata kyanwa, saƙo ya shigo.

"Amsata, an samu mafita. Na yi magana da Giles, zai karɓi layina na Asabar. Ni ban yi ƙarya ba, babanki bai ji kunya ba. Ba zan rasa ki saboda kalma ɗaya ba. Ki fara tunanin kalar furanni."

Ta nemi izini a wurin aiki, ta hau jirgi zuwa Bradford, ta tsaya a ƙofar makarantarsu har aka tashi. Ya fito da jaka a kafaɗa, ya gan ta, ya washe baki, sannan ya ga fuskarta.

"Ka karɓo layinka," ta ce.

"Tamsin, kin ji abin da ya ce fa. Ƙofa ya buɗe min."

"Na ji. Gaya min, mutum nawa ne suka warware allon nan ranar Asabar?"

"Dubbai."

"Nawa ne ba su ga gishirin ba?"

Ya sauke jakar daga kafaɗa.

"Kowa ya gani, Gethin. In sharhi ya fito bai ambata ba, ka san abin da za su ce. Za su ce tsoho ne, a rufa masa asiri. Wanda ake jin tsoronsa shi ake kama wa kuskure. Wanda ya ƙare shi ake yi wa shiru. Ni ba zan tsaya ina kallo a yi wa babana jana'iza yana zaune a kicin ba."

"In na rubuta kuma, tawa jana'izar ce. Ba zai taɓa ba ni ke ba."

"Wataƙila."

"Wataƙila? Haka kawai za ki ce? Kin fi son allo a kaina ke nan!"

"Kai dai ka san ba haka ba ne." Ba ta sauke ido ba. "In ya ba ka ni a kan ka yi shiru, duk Lahadin duniya zai dube ka ya tuna ranar da ya roƙe ka. Ba zai yafe maka ba, ba zai yafe wa kansa ba. Ni kuma a tsakaninku zan tsufa. Ba irin auren da nake so ba ke nan."

"Kuma in ya rufe ƙofar gaba ɗaya?"

"Sai in ci gaba da ƙwanƙwasawa. Na gaya masa zan zauna, kuma zan zauna. Kai ne ban sani ba ko za ka iya."

Gethin ya gyara jakarsa, ya juya ya nufi tashar bas. Ta tsaya har ya ɓace.

Kwanakin da suka biyo baya wayarta ta yi tsit. Tana aiki tana leƙawa, ba komai. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san tana iya wayar gari babu saurayin, babu kuma albarkar uban, kuma ita ta jawo da hannunta. Ta rubuta masa "ka bar shi kawai" ta goge, ta sake rubutawa ta sake gogewa. Ba ta aika ba.

Ranar Juma'a da la'asar saƙo ya zo.

"Na karɓo layina. Na rubuta. Ko me zai faru gobe, ki sani ina sonki fiye da yadda bakina ya iya faɗa, kuma ina tsoron babanki fiye da yadda fuskata ta iya ɓoyewa. Naki, Mai Biro."

"Ni ma ina sonka. Ka ci abinci."

Asabar da safe ta sauko ta tarar da mahaifinta ya riga ta zama, ya yi aski, ya sa rigar sanyinsa mai kyau. Mama Brenda na soya ƙwai tana satar kallonsu.

"Idona bai gama warkewa ba," in ji shi. "Karanta min a wayarki. Kada ki tsallake komai."

Ta buɗe shafin. Gethin ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba. Ta karanta har ta iso ƙarshe, ta ja numfashi.

"Sai abin da kowa ya gani. Gishiri ya fito sau biyu, a ta shida da ta ashirin da biyu. Wannan kuskure ne, kuma babba, ba na kuma jin Bushiya zai yafe wa wani in shi ya yi. Ya ɓata allon da ke ɗauke da tambaya ta tara, wadda ban ga kamarta ba a bana, don sai da na ajiye biro na tafa ni kaɗai a ɗaki. Wanda ya iya ƙulla ta tara ba shi da uzurin yin ta ashirin da biyu. Ina jiran na gaba, kuma zan zo masa da ido a buɗe."

Jijiyar wuyan Mista Holroyd ta tashi.

"Na roƙe shi," ya ce. "Da bakina."

"Ni na hana shi, Baba."

Ya juyo ya dube ta, dogon kallo. Ba ta kawar da kai ba.

"Ci gaba. Me jama'a suka ce a ƙasa?"

Ta karanta. Wata ta ce ta zaci ita ce ta ruɗe. Wani ya ce ta tara ta biya kuɗin jaridar. Wani ya yi ta masifa kamar an ci masa gado. Sai ta iso kan na Giles, ta ɗan yi jim.

"Na ce kada ki tsallake."

"Giles Fairclough ya ce: 'Haba jama'a, a yi adalci. Bushiya ya manyanta, kuma na san bai jima da fitowa daga asibiti ba. A irin shekarunsa, abin godiya ne ma da yake iya kawo mana wani abu. Kamata ya yi mai sharhi ya kawar da kai.'"

Mama Brenda ta kashe wuta. Mista Holroyd ya dafa tebur da hannu biyu.

"Sake karanta min wurin nan. Abin godiya ne me?"

"Da kake iya kawo musu wani abu."

"Wani abu," ya maimaita. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Da ya yi magana, muryarsa ta dawo irin ta malamin da ya shekara arba'in yana tsawata wa aji.

"Akwai inda mutum ke rubuta nasa a ƙasan nan?"

"Akwai." Wasu masu ƙullawa sukan leƙo ƙasan sharhi su yi godiya ko su kare kansu, amma Bushiya bai taɓa yi ba, yakan ce wannan zubar da girma ne.

"Sa sunana. Na jarida. Rubuta."

Ta sa yatsu a kan wayar.

"Gishiri biyu, laifi ɗaya, kuma nawa ne. Ba na idona ba ne, ba na shekaruna ba ne, na ganganci ne. Wanda ke son ya tausaya min ya riƙe tausayinsa. Mai sharhi ya yi aikinsa, na gode masa. Ya ce zai zo wa na gaba da ido a buɗe, to ya zo, zai sha wuya." Ya tsaya. "Kin rubuta?"

"Na rubuta, Baba."

"Sabon layi. Wannan mai sharhin ya nemi wani abu a gidana wanda ya fi min duk allunan da na taɓa ƙullawa."

Yatsun Tamsin suka tsaya. Harufan suka fara rawa a idonta.

"Rubuta mana, me kike jira? Na so in sayar masa a kan ya yi shiru, ya ƙi saya. Don haka na ba shi kyauta. Ya zo gobe, ya kuma gaya wa iyayensa su fara neman tikitin jirgi. Shi ke nan. Aika."

Ba ta iya aikawa ba, don hawaye ya rufe mata ido. Mama Brenda ce ta zo ta karɓi wayar da hannunta mai maiƙo, ta tambayi inda ake dannawa, ta danna. Tamsin ta zagaya ta rungume mahaifinta ta baya, ta kifa fuska a kafaɗarsa. Ya ɗan bubbuga hannunta yana gyaran murya.

"To, to. Ya isa. Ƙwai na hucewa."

Wayar ta fara ruri a kan tebur, sunan Mai Biro na haskawa. A ƙasan sharhin kuwa jama'a sun bar maganar allo, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suna ta taya murna.

An ɗaura auren da bazara, a ƙaramin cocin da ke kan tudu inda aka ɗaura na iyayenta. Dangin Gethin suka zo daga Wales mota guda, suka cika cocin da waƙa har limamin ya rasa ta inda zai shiga. Giles ya aiko da furanni da uzuri.

A bakin ƙofa, kafin a buɗe, Mista Holroyd ya miƙa wa 'yarsa hannu. Ta kama, ta ga ya kafe ƙofar da ido.

"Baba, ko mu ɗan tsaya?"

"Mun tsaya ya isa."

Ya shiga da ita a hankali, kansa a sama, har gaban Gethin. Ya ɗauki hannunta ya sa a cikin nasa, amma bai saki ba nan take. Ya matso, ya yi magana yadda su biyun kaɗai za su ji.

"Ɗana, in ta yi kuskure ka gaya mata, na ga ka iya. In kai ka yi, ba sai na roƙe ta ba." Ya haɗe hannayen nasu ya matse. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa tare kuna gaya wa juna gaskiya."

Sannan ya saki, ya koma kusa da matarsa ya zauna, ya karɓi hankicin da ta riga ta miƙo masa.